Hukuncin Hafsan Kwali

Na san yadda ake ba ku labarin nan a cikin dangi, domin ni ma an sha bayar da shi a gabana kamar ba ni ne a ciki ba. Cewa ake yi ni da wana, Yaya Mamman, mun ɓata ne a kan wasan yara, wai manya biyu masu furfura muka zauna rigima a kan guntun kwali har ya kwashe iyalinsa ya bar gidan ubanmu a Daura ya koma Sandamu. Gwaggonku Hajara kuwa idan ta tashi sai ta ƙara gishiri, ta ce taurin kai irin na malaman makaranta ne ya hana ni rufa wa ɗan uwana asiri. Taurin kai dai ina da shi, ban taɓa musawa ba, duk wanda na koya wa Turanci a sakandare zai ba da shaida. Amma tunda waɗanda suka zauna a zauren nan sun kusa ƙarewa, gara ku ji daga bakina, ku nawa da ku na Yaya, kowa ya yanke abin da ya ga dama.

Yaya ya bar aikin soja da muƙamin saje. Ya dawo gida da akwatin ƙarfe ɗaya da shiru mai yawa. Mutumin da a da idan ya zo hutu sai an ji muryarsa tun daga bakin layi, ya zama daga gona sai ɗaki, daga ɗaki sai masallaci. Mahaifiyarmu, Inna, ta ga haka sarai, amma shi ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta zama kusa da shi, balle ta tambaye shi abin da ke damunsa. Babba take ce masa, shi ma sai ta kama dole. Abin da take iyawa shi ne ta aika masa da fura ta hannun jikoki, ta ce ta yi mata yawa.

Wata rana bayan la'asar ya fito zaure da wani kwali a naɗe da ɗan akwati, ya ce wani hafsa ne ya ba shi tun suna bariki, da shi ake koya musu dabarun yaƙi. Da ya shimfiɗa shi a kan katako sai ga zanen ƙauye, da itatuwa, da rafi, duk an yayyanka su gida-gida kamar saƙar zuma. A cikin akwatin akwai ƙananan kwalaye, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba: wasu kurata, wasu manyan bindigogi, kaɗan kuma hafsoshi, su ne shugabanni. Akwai littafin ƙa'idoji mai kauri, da Turanci. Turancin Yaya na bariki ne, yana ba da umarni da shi amma ba ya zama ya bi shi layi-layi, don haka ya miƙo min littafin ya ce ni ne alƙali. Na karɓa da murna, don ni a lokacin ko kiwon kaji ya ce in taya shi zan taya shi, in dai zai fito daga ɗakin nan.

Limamin unguwarmu ya leƙo ya ga ƙwayar jifa irin ta ludo, ya ɓata rai, ya ce shi bai yarda a kawo masa kayan caca kusa da masallaci ba. Sai muka jefar da ita, muka samo marafan kwalbar lemo, na rubuta lambobi a cikinsu, muka zuba a wata tsohuwar hular mahaifinmu. Mai wasa ya sa hannu ya zaro ɗaya. Liman ya duba ya ce wannan ƙuri'a ce, ba laifi, kuma kafin a jima shi da kansa yake zuwa kallo yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Masu dara na gindin darbejiya suka watse suka dawo zaurenmu. A nan na sake jin dariyar Yaya, ranar da ya zagaye tela Sani ta bayan rafi ya kwashe masa bindigogi, Sani yana rantsuwa wai rafin bai kai nan ba jiya.

Cikin masu zuwa akwai maƙwabcinmu Alhaji Ado, falken shanu, wanda kasuwar Mai'adua ba ta ci sai da shi. Dole in tsaya in gaya muku wane ne shi a wajenmu, in ba haka ba sauran labarin ba zai yi muku ma'ana ba. Alhaji Ado yana da ƙane, Lawal, wanda Yaya ya kai aikin soja da hannunsa, bayan mahaifiyarsu Hajiya Umma ta kira shi ta ce ta ba shi amana. Rundunarsu ɗaya, kuma tare aka tura su wata ƙasa aikin kwantar da tarzoma. Yaya ya dawo, Lawal bai dawo ba. Saƙo kawai aka kawo cewa ya rasu, da jakar kayansa. Yaya ya shiga ya yi ta'aziyya, ya ce wa'adi ne ya cika, bai ƙara ko kalma ba. Alhaji Ado kuwa bai tambaya ba. Ku yaran yanzu za ku ce me ya hana shi. Abin da ya hana shi, a wajenmu ba ka tsare wanda ya girme ka, maƙwabcinka, wanda uwarka ta damƙa wa amana, ka ce ya faɗa maka yadda ƙanenka ya mutu. Tambayar kanta tuhuma ce, kuma in ta fita ba ta komawa. Sai aka bar maganar tana yawo a bayan fage: wani kurtu ɗan wani gari ya gaya wa wani, wani ya gaya wa wani, wai da ransa aka bar Lawal. Kowa a unguwar ya ji, ba wanda ya taɓa faɗa a gaban ɗayansu.

To, a wasan akwai abin da muke kira ƙirji da ƙirji. Idan abokin gaba ya kutsa cikin gidan da mutanenka suke, harbi daga nesa ya ƙare. Kowane ɓangare zai zaro marfi, a haɗa da ƙarfin mutanensa, wanda ya gaza a kwashe nasa gaba ɗaya daga kan kwali. Yaya ya koya wa kowa cewa hafsa ba ya shiga wannan faɗa. Da zarar an kutso, dole ne a janye shi zuwa gidan baya, kuratan su ji da kansu, domin hafsa na runduna ne duka, ba na mutum biyu ko uku ba. Ni da nake karanta littafin na ga ba haka abin yake ba, kuma tun farko na ja shi gefe na gaya masa. Ya dube ni ya ce haka ake yi a bariki, da wata irin murya da ta sa na rufe littafin. Na ga dokar ta hau kan kowa daidai, ba wanda aka cuta, kuma alƙali ba ya bin gida-gida neman ƙara. Haka aka yi ta wasa.

Alhaji Ado ya daɗe yana kallo kafin ya zauna, da ya zauna kuwa ya iya. Yana wasa yadda yake cinikin shanu: ba gaggawa, ba a gane abin da yake so sai ya riga ya samu. Ni ne na fara lura cewa ba cin wasa yake nema ba. Sai ya bar ƙauye a buɗe, ya bar bindiga ta salwanta, shi dai hafsan Yaya yake bi, yana matsa masa daga nan, yana toshe masa can. 'Yan kallo suna masa dariya, suna cewa Alhaji ya ɗauka wani sa ne ya ƙwace masa. Ni ban yi dariya ba.

Ranar da abin ya zo, damina ta ja baya, gero ya nuna ana shirin yanka. Hafsan Yaya yana wani gida a bakin rafi tare da kurata da aka riga aka kifa, alamar sun ji rauni. Alhaji Ado ya tura mutanensa cikin gidan. Yaya ya miƙa hannu zai ɗauke hafsan kamar kullum, sai Alhaji ya ɗora yatsa a gefen katakon. Bai taɓa hannun Yaya ba, bai ma dube shi ba. Ni ya duba.

"Malam Isiya, ina da tambaya."

"Ina jin ka, Alhaji."

"Fitar nan da hafsa yake yi ya bar yaransa, dole ce aka yi masa, ko kuwa shi ne yake zaɓa?"

Yaya ya ce, "Doka ce. Tun yaushe muke yin haka?"

"Saje, ka yi haƙuri, alƙali na tambaya. Na ga akwai lamba a gefen hafsan, irin wadda kurata suke da ita ta ƙirji da ƙirji. Shi ne na ce, mutumin da ba ya tsayawa faɗa, me zai yi da lambar faɗa?"

Tela Sani da bakinsa ba ya rufuwa ya sunkuyar da kai yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Babu mutum ɗaya a wajen da bai san abin da aka tambaya ba. Hannun Yaya yana nan a sama da kwalin, bai ɗauka ba, bai janye ba. Ni kuwa littafin ya yi min nauyi a cinya. Allah ya taimake ni aka kira magariba, na ce magana ce mai tsawo, sai na duba sosai. Na sa aka ɗauki katakon yadda yake, ba a motsa ko ɗaya ba, aka kai ɗakin da nake ajiye littattafai, na kulle.

Kafin mu dawo daga masallaci labari ya riga mu shiga gida. Matata Binta ta tare ni tun ban zauna ba.

"Malam, ka buɗe ɗakin nan ka bar akuya ta shiga. Gobe ka ce ta cinye."

"Akuya ta cinye kwali, ta cinye tambayar ma?"

"To ka ce littafin ya ɓata. Ni dai na gaya maka, ka fita daga tsakanin mutanen nan. Kai ka kai Lawal soja? Kai ka dawo ba shi?"

Gaskiya ta faɗa, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na yi fushi da su biyun. Manya biyu, ɗaya ya kasa tambaya, ɗaya ya kasa faɗa, suka tattara kayan da suka yi shekaru suna ɗauke da shi suka ɗora a kan ɗan kwalin da bai kai farce ba, sannan suka juyo suna kallona. Na zauna na bi littafin daga farko, ina fatan in sami wata kafa da zan bi in ce Yaya ne da gaskiya. Babu. A ƙarshen littafin ma har da zanen misali: ga hafsa ya tsaya a gida ɗaya da kuratansa, an haɗa lambarsa da tasu, ƙarfinsu ya ƙaru. Idan suka yi nasara tare suka yi, idan aka ci su a kwashe har da shi. Yana kuma iya fita in akwai gida a buɗe a bayansa, amma sai yaran su yi faɗan ba shi, da ragowar ƙarfinsu. Mai wasa ne yake zaɓa. Abin a fili yake, ko ɗan aji ɗaya zai gane.

Washegari da hantsi Inna ta aiko kirana. Na same ta a kan tabarma tana tsince wake, ta sa na zauna.

"An ce kai ne mai karanta musu takardar."

"Ni ne, Inna."

"Duk zauren akwai mai jin Turancin in ba kai ba?"

"Babu."

"To ka ce dole ce."

Na ce, "Inna, ba haka aka rubuta ba."

Ta ajiye faifan.

"Ban taɓa roƙon ka komai a kansa ba. Ban taɓa roƙon kowa ba. Ina ji yana kwana yana juyi ta bayan katanga, ba ni da bakin tambaya. Abin nan ne ya fito min da shi waje. Isiya, Mamman ne fa."

Ta faɗi sunan. Ni da na girma a ɗakinta ban taɓa jin sa a bakinta ba. Na rasa inda zan sa idona, na tashi na fita.

Na bi Yaya gona. Na tarar ya fara yankan gero shi kaɗai tun ba a kira masu taya shi ba, yana sara kamar da gaba tsakaninsa da karan. Na yi masa barka da aiki, ya amsa bai juyo ba.

"Yaya, me kake so in ce musu?"

"Kai ne alƙali."

"Ka san abin da ke cikin littafin. Na gaya maka tun farko."

Ya ci gaba da sara. Can ya ce, "Ni umarni aka ba ni."

"A wasan?"

Ya tsaya, ya juyo ya dube ni, idanunsa sun kaɗa. Na ɗauka zai yi magana. Sai ya ce rana tana yi, in ba taya shi zan yi ba in koma gida. Na gane a nan cewa dokar da ya koya mana ba ta bariki ba ce, tasa ce. Da ita yake jingina, da ita yake iya tashi da safe. Kullum la'asar sai ya ɗauke hafsan nan a gaban jama'a, kowa ya gyaɗa kai ya ce haka doka ta ce, shi kuma ya samu ya yi barci.

Alhaji Ado bai zo wajena ba, ni ma ban je ba, amma mun haɗu a bakin masallaci muna neman takalma. Ya rage murya.

"Malam, ban ce ka yi min alfarma ba. Abin da ke ciki kawai."

"Alhaji, wannan hanyar ka ga ta fi?"

"Wace hanya gare ni? In je in tsare shi? Hajiya har yau duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta aiko a duba wanda ya sauko. Ta ce ita ba ta ga gawa ba, ba ta ji wanda ya ce ya gani ba. Ta tsufa, Malam. Ina so in sami abin da zan gaya mata."

Na yi 'yan kwanaki ina jan ƙafa, ina cewa ban gama dubawa ba, alhali na haddace shafin. Ba zan ce muku tsoron Allah kaɗai ya hana ni bin maganar Inna ba, don na auna ƙaryar sosai, na juya ta ta kowane gefe. Alhaji yana da 'ya'ya a jami'a, ranar da ɗaya ya zo hutu ya buɗe littafin, magana ta zama ƙanen Saje ya yi ƙarya don ya rufe masa, kuma abin da ake raɗawa ya tabbata ke nan ba tare da Yaya ya buɗe baki ba. Ko ba a gano ba ma, na san abin da zan zama: mutumin da zai riƙa zama kullum yana kallon wansa yana ɗauke hafsa, yana kallon maƙwabcinsa yana haɗiye tambaya, da hatimina a kai. Da ba a kawo ƙara ba, da na ci gaba da shiru har in mutu. Amma an kawo, a gaban mutane, kuma su biyun suka ce ni ne alƙali.

Ranar da na sa aka fito da katakon, zauren ya cika har waje, har da waɗanda ba su taɓa sanin yadda ake wasan ba. Wannan ma ya ƙara min haushi, na ce wa wasu ba rabon zakka ake ba, amma ba wanda ya motsa. Yaya ya zo da farar riga kamar mai zuwa Juma'a, ya zauna a wurinsa. Alhaji ya zauna a nasa. Liman yana gefe da carbi. Na buɗe littafin a shafin zanen na ajiye a tsakiya, don kowa ya gani da idonsa, ko bai iya karatu ba.

Na ce, "Na duba. Hafsa yana iya fita in akwai gida a bayansa, kuma ba a ce ya yi laifi ba. Yana kuma iya tsayawa, a haɗa ƙarfinsa da na yaransa, abin da ya same su ya same shi. Ba dole a ciki. Mai wasa ne yake zaɓa."

Ban dubi Yaya ba lokacin da nake faɗa, sai da na gama. Fuskarsa ba ta canza ba. Ya daɗe yana kallon gidan nan na bakin rafi, har wani a waje ya yi tari aka harare shi. Sannan ya ce,

"To, ya tsaya."

Ya sa hannu a hula ya zaro marfi, Alhaji ya zaro nasa. Na haɗa lissafin a fili yadda na saba. Ko da ƙarfin hafsan, na Yaya bai kai ba. A ƙa'ida Alhaji ne zai kwashe su, amma hannayensa suna kan gwiwarsa, bai motsa ba. Yaya da kansa ya tsince kuratan da hafsan, ya riƙe su a tafin hannu. Da ya fara magana, kwalin yake kallo.

"Da ransa na bar shi, Ado. A ciki harsashi ya same shi, ba ya iya tashi. Aka kira ni ta rediyo aka ce in janye da masu iya tafiya zuwa gada. Ba a ce in ɗauke shi ba, ba a ce kada in ɗauke shi ba. Na duba, in mutum biyu suka ɗauke shi tafiyarmu za ta ragu, ga wuta ta ko'ina. Ni na yanke. Na jawo shi gindin wani mangwaro, na ba shi gorar ruwana, na ce zan dawo. Ya ce to, Yaya."

Alhaji ya ce, a hankali,

"Ka koma?"

"Da gari ya waye muka koma. Ya riga ya cika. Ni na haƙa, ni na sa shi, na fuskantar da shi alƙibla."

"An yi masa salla?"

"Ni na yi masa, da wasu yara biyu Musulmi."

Alhaji ya rufe fuska da hannu biyu ya daɗe. Da ya sauke sai ya ce, "Alhamdu lillahi. Abin da zan gaya wa Hajiya ke nan." Ya tashi ya fita, mutane suka buɗe masa hanya. Yaya ya zuba kwalayen a cikin hular, ya miƙe, ya wuce ta gabana ya shiga gida kamar ba kowa a wurin da nake zaune.

Hajiya Umma ta yi kukan da ta riƙe shekara da shekaru, ta sa aka yi sadaka, ta daina aikowa a duba mota. Amma unguwa ba Hajiya Umma ba ce. Duk bayanin da Yaya ya yi, abu ɗaya aka ɗauka aka fita da shi: da ransa ya bar shi. Waɗanda ba su taɓa jin ƙarar bindiga ba sai ta maharba suka zama masana yadda ake ɗaukar mai rauni. Gaisuwar da ake masa a hanya ta gajarce. Ana gama sussukar gero ya ɗora kayansa a mota ya koma Sandamu, inda dangin matarsa suka ba shi gona. Inna ta tsaya a tsakar gida tana kallo ana fitar da akwatin ƙarfen, ba ta ce masa komai ba, don ba ta saba ba. Ni ma ba ta ce min komai ba, kuma shirun da ta yi min ya daɗe. Ta ci gaba da amsa gaisuwata har ta bar duniya, amma ba ta ƙara aikowa kirana ɗakinta don hira ba.

Abin da zai ba ku mamaki, Alhaji Ado ne ya zama mai zuwa Sandamu. In ya dawo daga kasuwa sai ya ratse, su zauna a ƙofar gida su yi ta hirar Lawal, yadda yake da ci, yadda yake tsoron allura. Da layya shi yake zaɓa wa Yaya rago. Ni kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, in na je sai a shimfiɗa min tabarma, a kawo ruwa, ya tambaye ni iyali, in ce lafiya, in tambaye shi gona, ya ce alhamdu lillahi, shi ke nan sai kallon hanya. Bai taɓa ɗaga min murya ba, bai taɓa tayar da maganar ba. Na sha fita daga gidan nan ina cewa ba zan ƙara zuwa ba, wata ya zagayo in sake hawa mota. Ya yi min ciwo ƙwarai, don duk duniya ba wanda nake so ya yi dariya tare da ni irinsa.

Da ciwonsa na ƙarshe ya yi tsanani aka aiko, na je na same shi kwance, ya rame har na kusa kasa gane shi. Aka fita aka bar mu. Na zauna a bakin gadon na ce abin da ake cewa.

"Yaya, mu yafi juna."

Ya ce, "Na yafe maka komai, Isiya. Ka yafe min."

"Na yafe. Har da ranar zaure?"

Ya lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Sannan ya juyo da kansa.

"Da ka ce dole ce, da na tafi da abin nan kabari, Hajiya Umma ta mutu tana jiran mota. Na sani. Na yi ta neman laifinka a ranar nan don in yafe in huta, ban samu ba. Shi ya sa na kasa kallon ka."

Na ce, "To yanzu ka kalle ni."

Ya kalle ni, ya daɗe, kuma bai kawar da kai ba sai da matarsa ta yi sallama ta shigo da kunu.